Ɗanyen Icen Kashaija

Kashaija ne ya cinye ƙirjin Kobusingye. Ba mayu ba ne, ba sanyin damina ba ne, ba kuma gadon dangin uwarta ba ne kamar yadda yake yawo yana faɗa a bakin kasuwa. Mijinta ne, da ɗanyen icensa, da ƙaryar da ya ɗora wa shanu. Ni Edisa, yayar ubanta, ni na riƙe hannunta na kai ta gidansa ranar aure, saboda haka ni ke da bakin magana. Ban yi boko ba, amma ba sai an yi boko ake gane tari ba.

Kobu ita ke girki a makarantar firamare ta kan tudu. Ɗakin girkin kowa ya san shi: rufin kwano, taga guda wadda kan akuya ma da ƙyar zai shiga, bango baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Manyan tukwane biyu, ɗaya ta tuwon masara, ɗaya ta wake, a ciyar da yaran makaranta gaba ɗaya kafin rana ta karkata. Icen da ake hura wutar kuwa Kashaija ke kawowa, domin shi ne ciyaman na kwamitin iyaye, shi ne kuma mai gonar itacen turare a gangaren tudu. Yau a sare, gobe a kawo. Ice yana hawaye, ana tura shi a murhu.

Matar da ta riƙe girkin kafin Kobu ta taɓa mayar masa da lodi guda, ta ce ita ba za ta dafa kanta tare da wake ba. Ba a daɗe ba aka sallame ta, Kashaija ya kawo matarsa. Mace ba ta mayar wa mijinta da ice. Dalilin aikin Kobu ke nan, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Kullum takan durƙusa a bakin murhu tana hurawa, hayaƙi na dawo mata a fuska. Idanunta sun zama ja kamar gauta. In ta fyace hanci, baƙi ke fita. Abokiyar aikinta Jovanisi takan tsaya a bakin ƙofa tana fifita da faifai.

“Ke Kobu, fito ki sha iska mana. So kike a tsame ki da ludayi?”

“In na fito wa zai tuƙa? Ke da kike tuƙa tuwo kamar mai shafa wa jariri mai?”

“To madalla. Ki gaya wa ciyaman, icen nan nasa in aka dasa shi gobe zai yi tofo.”

Kobu takan yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Ana nan sai wasu mutane suka zo daga birnin Mbarara, suka haƙa rami a bayan ɗakin girki, suka gina wani abu kamar ƙatuwar randa a cikin ƙasa, suka rufe. Aka ja siririn bututu har cikin ɗaki, aka kafa sababbin murahu na ƙarfe. Suka ce a riƙa dama kashin shanu da ruwa ana zubawa ta baki ɗaya, iskar da ke tashi a ciki ita za ta zama wuta, abin da ya fita ta ɗaya bakin kuma taki ne na gonar ayaba. Yara suka sa wa ramin suna Tumbi. A ƙasarmu kuwa ba abin da ya kai kashin shanu yawa, saboda haka aka ce duk gida mai garke ya aiko da bokiti guda da safe.

Ranar da wutar ta fara kamawa Kobu ta ja da baya, ta yi tsammanin wasa ake mata. Wuta shuɗiya, ba ƙara, ba toka, ba hayaƙi. Ta miƙa hannu ta ji zafi, sannan ta yarda.

Ranar Lahadi bayan coci ta biyo ta gidana. Na dube ta na sake duba.

“Me kika sa a ido?”

“Ba komai, Goggo. Haka suke ashe. Farare ne.”

Ta zauna ta ci ayaba da miyar gyaɗa, ta ce yau ta ji ɗanɗanon gishiri, da can komai hayaƙi yake mata a baki. Ta ce sun wanke bangon ɗakin girki, ashe a ƙarƙashin baƙin akwai farin fenti. Ta ce yanzu wake na nuna da wuri har su zauna a inuwa ita da Jovanisi suna tsince na gobe. Zangon karatu guda ta samu a haka. Zango guda tak a cikin shekarun da ta yi tana girki.

A gidansu kuwa ice ya taru a bakin shinge ba mai saye. Kashaija yakan wuce ta gefensa yana tsaki.

“Maman Aine,” in ji shi wata rana da la'asar, tana zuba masa ruwa a hannu, “wutar tusar nan taku, har yanzu tana ci?”

“Tana ci, Baban Aine.”

“Kina jin daɗi ke nan. Gidanki na ƙonewa kina shan ɗumi.”

“Ai tarin ya yi sauƙi.”

“Tari! Tari ne zai saya wa 'ya'yanki takalmi?”

Ta ɗauke kwanon.

A taron iyaye na ƙarshen zango aka jera bencina a ƙarƙashin bishiya, maza a gaba da sandunansu, mata a baya. A makon nan saniyar wani dattijo ta yi ɓari, kowa na jajanta masa. Kashaija ya miƙe, ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

“Jama'a, ni ba na ƙin ci gaba. Amma akwai tambaya. Wa ya ga inda bututun ban-ɗakin yara ya nufa? A ƙarƙashin ƙasa yake, ko ba haka ba? Ni an tsegunta mini, cikin Tumbi yake zuba. To ku masu shanu, ku gaya mini, tun kakanninmu an taɓa haɗa kashin saniya da na mutum? Saniya tana da kunya. Ka wulaƙanta abin da ya fito daga jikinta, ta ɗauke maka nono, ta zubar maka da maraƙi. Ga dattijo nan zaune, ku tambaye shi.”

Wuri ya kaure da surutu. Ka taɓa ɗan mutumin ƙasarmu ya yi haƙuri, amma kada ka taɓa saniyarsa. Wata mata daga baya ta ɗaga murya.

“To ga masu girki nan, a tambaye su mana! Kobusingye, kina nan aka gina. Akwai bututun ko babu?”

Kobu na tsaye a ƙofar ɗakin girki da muciya a hannu. Tana nan aka haƙa ramin, ita ta riƙa kai wa maginan shayi. Ta san babu wani bututu, ban-ɗakin ma can ƙasan tudu yake, ƙazanta kuwa ba ta hawan dutse. Ta buɗe baki. Kashaija ya juyo ya dube ta. Duba kawai ya yi. Ga ƙannensa a benci, ga kawunsa, ga dattawan da suka koro shanun sadakinta zuwa gidanmu. Yaya mace za ta ce wa mijinta maƙaryaci a gaban waɗannan, sannan ta koma ta shimfiɗa masa tabarma?

“Ni dai girki nake yi,” in ji ta.

“Kun ji ko?” in ji Kashaija. “Ita ma ba ta musa ba.”

Aka juya ga hedimasta, Malam Tibesigwa. Shi ya san gaskiya fiye da kowa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce iyaye su ne masu makaranta, abin da suka ga ya dace shi za a yi, za a kuma bincika. Har yau ana binciken.

Da aka dawo hutu bokitai suka ɗauke. Tumbi kuwa ciki ne, in ba a ba shi ba, ba ya bayarwa. Wutar ta riƙa gajarcewa, ta koma kamar ta fitilar da mai ya ƙare mata. Kobu ta ga abin da ke tafe. Sai ta fara tashi da sassafe, ta kwashe kashin shanun garken gidansu a tsohuwar jarka, ta ɗora a ka ta haura tudu kafin a tatsi nono. Kwana kaɗan ta yi a haka, Kashaija ya tare ta a bakin garke.

“Ina za ki da wannan?”

“Kaɗan ne, Baban Aine. Zubarwa ake yi.”

“Sauke.”

“Don Allah. In wutar ta mutu...”

“Na ce sauke! So kike a ce na hana mutane, matata na kaiwa a ɓoye? Garken nan nawa ne. Har abin da ya faɗo daga gindinsu nawa ne. Me kika zo da shi gidan nan ban da akwati?”

Ta sauke. Ya sa ƙafa ya ture jarkar.

Ranar da wutar ta mutu, kafin azahar amalanken ice na bakin makaranta. Aka ture murahun ƙarfe a lungu, aka mayar da duwatsu. Damina ta sauka, icen da ma ɗanye, ga ruwan sama ya ƙara masa. Farin fentin nan ya sake ɓacewa.

Jovanisi ta jure wata guda ta kwance ɗan zanen aikinta ta ninke.

“Ni na tafi, 'yar'uwa. Da ban ga wutar can ba da na zauna. Amma wanda ya ɗanɗana zuma ba ya lasar maɗaci da murna. Ki zo mu tafi.”

“In tafi ina? Gidan da zan koma, mai icen ne a ciki.”

Ba a ɗauki wata a madadinta ba. Kobu ta haɗa tukwane biyu ita kaɗai.

Tarin ya dawo da ƙannensa. Da can da safe yake zuwa, yanzu ba ya tafiya. Ta daina rera waƙa a coci domin numfashi ba ya kai ta ƙarshen baiti. Tudun da take haurawa da tulu a ka, sai ta tsaya ta dafa gwiwa, ta sake tsayawa. Zannuwanta suka yi mata yawa. In tana magana sai ka ji wani siririn fito a ƙirjinta kamar an bar buta a wuta. Wata rana ta yi tari a gefen mayafi, ta duba, ta ninke wurin da sauri.

Ni na ja ta zuwa asibitin gunduma, ba shi ba. Malamar asibiti ta ɗora mata abin sauraro a baya, ta daɗe tana ji, sannan ta tambaye ta tun yaushe take shan taba.

“Taba? Ban taɓa sa ta a baki ba.”

“To ƙirjin nan na wanda ya tsufa yana sha ne. Me kike yi?”

Da ta ji aikin sai ta ajiye alƙalami. Ta ce magani zai rage, amma in ba ta bar hayaƙi ba, kamar ana zuba ruwa a kwando ne.

Daga can gidan Kashaija na wuce. Na same shi a inuwa yana kallon shanunsa.

“Sannu da zuwa, Goggo. A kawo wa Goggo nono!”

“Riƙe nononka. An ce 'yata ta bar hayaƙi.”

“Haba Goggo. Masu asibiti in ba su tsorata mutum ba ai ba su ci abinci ba. Uwata da ice ta yi girki har ta tsufa, ga ta can da ƙafarta.”

“Uwarka a tsakar gida take girki, da busasshen ice, wa mutanen gida ɗaya. Ka taɓa kulle ta a ɗaki da ɗanyen turare ta ciyar da gari?”

“Sanyi ne ya kama ta. Kuma kin san danginsu na wajen uwa, ƙirjinsu ba ƙwari.”

“To ka bar ta ta huta, a sa wata.”

“A sa wata? Aikin da mata ke rububi? Ni na sama mata shi, maimakon godiya. Bari dai zangon nan ya ƙare, mu gani.”

“In ba za ka cire ta ba, ka shanya icen.”

Ya yi dariya. “Goggo, ice in ya bushe raguwa yake yi. Ke ba ki san harkar ba.”

Na haura wurin hedimasta. Ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya ce wallahi abin na damunsa, shi ma hayaƙin har ofis yake iske shi. Ya ce amma shi baƙo ne a garin nan, an turo shi ne, gobe ana iya ɗauke shi, ba zai shiga tsakanin mutane da shanunsu ba, balle tsakanin miji da mata.

“Malam, akwai bututun ko babu?”

“Mama, maganar ba ta nan take ba.”

“Akwai ko babu?”

Ya dubi agogo ya ce yana da aji.

Na koma na ce wa Kobu ta tattara ta biyo ni. Ta girgiza kai.

“In na tafi, Goggo, yaran fa? Ba zai ba ni su ba. Kuma na makaranta, wasu abincin nan ne kaɗai abincinsu. Na gaji dai. Gajiya ce kawai. In na kwanta kamar an ɗora mini dutsen niƙa.”

Zangon bai ƙare da ita a tsaye ba. Wata ranar kasuwa tana tsakar tuƙa tuwo muciya ta tsaya. Malamai suka ji ƙauri, suka shiga cikin hayaƙin suna lalube, suka same ta a ƙasa, gefen zanenta ya fara cin wuta. Allah ya sa ba cikin tukunyar ta faɗa ba.

Washegari ɗan babur ya sauke ta a ƙofata, an ɗaure ta da mayafi a bayansa don kada ta zame. Da ita da ƙullin kaya, da nonon ayaba guda, da gorar madara. Saƙon maigidan shi ne, ta zo ta huta wajen goggonta, in ta warware ta koma.

Yanzu ku ji abin da ya hana ni barci.

Sabuwar mai girkin da aka ɗauka ba matar kowa ba ce a kwamiti. Lodin farko ta sa farce ta ɓare bawon, ta ga ruwa, ta ce a mayar. Gonar turaren ma ta zo ƙarshe, duk gangaren ya zama kututture. Sai ga Kashaija ya sake miƙewa a taron iyaye, ya sake gyara kwat ɗin nan. Ya ce ya yi tattaki ya tambayi tsofaffi masana shanu, sun ce matsalar ba daga ramin take ba, daga gauraya kashin garkuna daban-daban ne. In daga garke guda ne mai tsabta, ba laifi. Kuma shi, saboda ƙaunar yara, ya yarda a riƙa ɗauka daga nasa, makaranta ta riƙa ba shi ɗan abin wahala.

Aka tafa masa. Ba wanda ya tambayi inda bututun ban-ɗaki ya shiga. Hedimasta ya gode masa da sunan makaranta.

Na haura da ƙafata na gani, domin gani ya kori ji. Baro na zuwa daga garken Kashaija kowace safiya, garken da ya ture wa matarsa jarka a bakinsa. An fito da murahun ƙarfe daga lungu an goge. Sabuwar mai girki na zaune a kujera tana tsince wake tana 'yar waƙarta.

Da na dawo na sami Kobu a inda na bar ta, a jingine da bango, domin ba ta iya kwanciya sosai yanzu, numfashi ba ya yarda. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa tafiya ce a wurinta. Ta jira har na zauna.

“Goggo, tana ci?”

“Tana ci.”

“Shuɗiya?”

“Shuɗiya.”

Ta lumshe ido. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, a hankali, tana hutawa a tsakanin kalmomi, “To yara za su ci da wuri.”

Ita ke nan. Ba ta zagi kowa ba. An koya mata haƙuri tun tana goye, ni ma ina cikin masu cewa haƙuri maganin zaman duniya. To ga maganin nan ta sha har ya ƙare mata numfashi. Ni ba zan yi haƙuri a madadinta ba.

Duk ranar Asabar Kashaija yana aiko mata da gorar madara, don a ce yana kula. Shi bai taɓa tako ƙofar nan ba. Madarar kuwa mai kauri ce, mai maiƙo, daga shanun da kashinsu ke shiga Tumbi kowace safiya. Ba wadda ta ƙafe. Ba wadda ta yi ɓari.

Gorar wannan makon ban buɗe ta ba. Ranar taron iyaye mai zuwa zan ɗauke ta in haura tudu, in wuce bencin mata, in dire ta a gaban ciyaman, a gaban kawunsa da dattawan da suka karɓi 'yarmu lafiyayya. Ya gaya wa jama'a daga wace saniya aka tatso ta. Ya nuna mana bututun da ya ce an tsegunta masa, ga fartanya, ya tona mu gani. In babu, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi don icensa ya shiga. Malam Tibesigwa kuma ya ajiye tabarau ya amsa tambayar da na yi masa, kalma ɗaya ce, akwai ko babu.

Sannan Kashaija ya kama saniya daga garken nan da yake taƙama da shi, ya sayar, ya kai Kobusingye babban asibiti a Mbarara tun tana da sauran numfashin da za a ceta, ya kuma kawo mata 'ya'yanta ta gan su. Da ƙafarta na kai masa ita, tana rera waƙa. A ɗaure a bayan babur ya dawo mini da ita. Dattawa, ku kuka shaida auren nan. Ku kira shi ya zo ya faɗa mana inda ya kai sauran.